Milimita Ɗaya a Rana

Akwai wata rula ta katako mai santimita 30 da ke cikin jakata tun shekarar da na fito daga makarantar horon malamai. Da ita nake ja wa yara layi a kaye, da ita nake nuna musu bambancin santimita da milimita. Shekara ashirin da ɗoriya ban taɓa auna wani abu da ita ba in ba takarda ba. Daminar bara waccan sai ga ni kowace Juma'a bayan la'asar ina auna tafin hannun ɗiyata da ita, ina ɗiga alama da bik a kan fata.

Ga yadda abin ya faru. A watan Yuli iska ta zo gaban hadari, irin wadda ke tashi da jar ƙura, ta ɗaye kwano ɗaya daga rumfar awaki. Ɗiyata mai shekara 14, wadda sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake kiranta Uwata, ta fita kwashe shanya. Kwanon ya yo kanta, ta kare da hannun dama, bakinsa ya yanke ta a wuyan hannu ta ciki. Uwarta ta ɗaure wurin da ɗankwali, na ɗora ta a kabu-kabu zuwa wani ƙaramin asibiti. An tsai da jini, an ɗinke fata, an yi mata allurar tetanus. Na dawo gida ina godiya ga Allah da abin ya tsaya nan.

Ashe bai tsaya ba. Kwana huɗu bayan haka ta riƙe kofin silba mai kunu da zafinsa, har fatar manuniyarta ta tashi, ita kuwa ba ta sani ba sai da uwarta ta gani ta yi salati. Na ce ta rufe ido, na ɗauki tsinken tsintsiya na riƙa taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Babban yatsa, shiru. Manuniya, shiru. Na tsakiya, shiru. Da na taɓa ƙaramin yatsa ta ce, "Baba, wannan na ji." Na ce ta haɗa kan babban yatsa da kan ƙaramin, ta yi ta ƙoƙari ya ƙi juyowa. A watan Oktoba za ta shiga ajin ƙarshe na kwalej, a ƙarshen shekarar karatu kuma jarrabawar BEPC na jiranta, kuma da waɗannan yatsu uku ake riƙe alƙalami.

Inna, wato kakarta, ta ce jijiya ce ta tsinke, a nemo maɗori. Wata maƙwabciya ta ce ai iskar nan ba iskar banza ba ce. Ni kaina da nake taƙamar na yi boko, da Inna ta ce jijiya ban iya tambayarta wace jijiya ba, domin a Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa uku. Hanyar da jini ke bi jijiya ce. Igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara, jijiya ce. Farin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi shi ma jijiya ne. Ta farko in ta yanke kowa na gani, jini ke zuba. Ta ukun kuwa in ta yanke babu abin da ido ke gani, shi ya sa ake iya ɗinke fata a kanta a sallami mutum. A wannan rubutu in na ce jijiya, ta ukun nake nufi, jijiyar saƙo.

Muka tafi wani babban asibiti, Allah ya haɗa mu da likitan fiɗa mai haƙurin bayani. Ya sake buɗe wurin, ya samu jijiyar da ke bi ta tsakiyar wuyan hannu ta rabu biyu, ya ɗinke ta da zare mafi siriri da gashin kai. Da ya fito na tambaye shi kwana nawa za ta yi kafin ji ya dawo. Ya ja takarda ya zana mini. Ya ce, "Malam, rigar jijiyar na ɗinke. Zaruruwan da ke ciki, daga wurin yankan zuwa yatsu, duk za su mutu, babu makawa. Sababbi ne za su tsiro daga sama su bi tsohuwar hanya, kuma tafiyarsu kamar milimita ɗaya ce a rana." A daren na ɗauko rulata. Daga tabon zuwa kan manuniya santimita 16, wato milimita 160, wato kwana 160, ga kuma makonni uku ko huɗu da ya ce tsiron kan ɗauka kafin ya ƙetare wurin ɗinkin. Lissafi ya kai ni watan Fabrairu.

Abin da ya hana ni barci kuwa wata tambaya ce. Wannan zare ba shi da ido, ba shi da hankali. Yaya aka yi ya san inda yatsa yake? Me zai hana shi ya ɓace cikin nama? Wani abokina da ke koyar da ilimin halittu a lise ya ara mini littattafai biyu na Faransanci, na haɗa da abin da na samu a intanet, na shafe hutun nan ina karatu kamar ɗan aji. Abin da na fahimta ne nake so in kawo wa mai karatu.

Da farko, kowane zare wutsiyar ƙwayar halitta ɗaya ce. Ƙwayar da ke jin taɓi a manuniyar ɗiyata, jikinta na can gefen laka a wuya, wutsiyarta ce ta miƙo ta kafaɗa, ta damtse, har kan yatsa. Saboda haka kwano wutsiyar ya yanke, uwar tana nan da rai, kuma ita ce za ta turo sabon tsiro. Mafi tsawon irin wannan zare a jikin babban mutum ya kai kimanin mita ɗaya, daga ƙasan baya zuwa babban yatsan ƙafa.

Wanda ya fara ganin kan zaren yana tsiro wani likita ne ɗan ƙasar Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal. Yana yaro malamansa sun gaji da shi, har mahaifinsa ya kai shi koyon aski da gyaran takalma, abin da ya kamata mu malamai mu riƙa tunawa. A 1890, yana duba lakar ɗan tsako da ke cikin ƙwai a madubin ƙara girma, ya ga kowane zare mai tsiro yana da wani faffaɗan kai mai ƴan yatsu. Naman da yake dubawa matacce ne, an rina shi da sinadarin azurfa, amma daga siffar kawai ya ce wannan kai motsi yake yi, lalube yake yi, kuma wataƙila wani sinadari ne daga inda za shi ke jan sa. Ya samu lambar Nobel a 1906. A 1907 Ross Harrison a Amurka ya sa ɗan naman tayin kwaɗo cikin ɗigon ruwan jiki a kan gilashi, ya zauna ya ga zaren da ransa yana fitowa yana rarrafe. Hasashen Cajal ya tabbata.

Duk wanda ya taɓa shuka duma a gindin darni ya san kamannin abin. Kan yaɗon yana fitar da ƴan siraran hannuwa, wannan ya taɓa iska ya koma, wancan ya samu kara ya naɗe, sai yaɗon duka ya karkata can. Haka kan zaren jijiya yake, zan kira shi kan lalube. Yatsunsa na fita suna komawa ba tsayawa. A fatarsu akwai wasu furotin masu kama saƙo, kowanne da irin sinadarin da yake ganewa, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. In yatsan da ke dama ya ci karo da sinadari mai kira, sai ginshiƙan cikinsa, wani furotin mai suna aktin, su ƙaru su yi ƙarfi a wannan gefe. In na hagu ya taɓa sinadari mai kora, sai nasa ginshiƙan su rushe ya janye. Da haka kan ke juyawa, abin da ya bari a baya kuma ya daskare ya zama zare. Ke nan taswirar ba a cikin zaren take ba. Alamomin suna waje, a jikin ƙwayoyin da yake ratsawa da kuma ƙasar da yake takawa, shi dai aikinsa karantawa.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Roger Sperry a farkon shekarun 1940. Kwaɗo da danginsa, saɓanin mutum, jijiyar idonsu na sake tsirowa in an yanke. Sperry ya yanke ta, ya kuma juya ƙwayar idon, sama ta koma ƙasa. Bayan makonni gani ya dawo, amma in ƙuda ya bi ta sama sai dabbar ta kai cafka ƙasa, kuma har abada ba ta gyara ba. Abin da wannan ya nuna shi ne kowane zare ya koma ainihin gurbinsa na da a ƙwaƙwalwa, bai damu da cewa an juya idon ba. A 1963 Sperry ya bayyana ra'ayinsa cewa akwai shaidar sinadari a jikin zaruruwan da kuma gurbinsu. Sai a 1995 aka kama wasu daga cikin sinadaran, ana kiransu efirin. An shimfiɗa su a wurin saukar, kaɗan a gaba, da yawa a baya, kowane zare kuma yana tafiya har ya kai inda yawansu ya fi ƙarfinsa, nan ya tsaya.

Masana sun kasa alamomin gida huɗu, kuma da na karanta sai burtali ya faɗo mini a rai. Makiyayin da ya taso da garke daga kudu zai nufi arewa da damina, akwai abin da ke jan sa daga nesa, wato ruwa da ciyawa. Akwai abin da ke korar sa daga nesa, kamar labarin ciwon dabbobi a wani yanki. Akwai abin da ƙafa ke takawa ta ji daɗin bi, wato hanyar da ta riga ta buɗe. Akwai kuma abin da in an taɓa shi a ja da baya, wato shingen aguwa da ƙaya a bakin gonaki. Zaren jijiya ma haka: mai kira daga nesa, mai kora daga nesa, mai riƙewa in an taɓa, mai turewa in an taɓa.

Kowanne an san sunayen wasu daga cikinsu. A 1994 ɗakin binciken Marc Tessier-Lavigne a Amurka ya tace wani furotin daga ƙwaƙwalen dubban ƴan tsaki, aka sa masa suna netirin, daga wata kalmar tsohon harshen Indiya mai nufin jagora. Sai aka ga ashe ɗan uwansa na cikin wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal, yana wannan aikin. A 1993 an gano wani da in ya taɓa kan lalube sai kan ya tsuke nan take, danginsa su ne semaforin. Abin mamaki, sinadari ɗaya na iya kiran wannan zare ya kori wancan. Netirin in ya faɗa kan makamin saƙo mai suna DCC kira ne, in UNC5 na wurin sai ya zama kora. Alamar ɗaya ce, mai karantawa ne ya bambanta.

Akwai kuma labarin Rita Levi-Montalcini, Bayahudiya ƴar Italiya. Dokokin Mussolini na 1938 sun hana ta aiki a jami'a, sai ta mai da ɗakin kwananta ɗakin bincike, tana fasa ƙwai tana duba jijiyoyin ƴan tsaki da yaƙi na ci. Bayan yaƙi, a Amurka, ita da Stanley Cohen suka gano furotin da ake kira NGF, wanda fata da sauran wuraren da wasu jijiyoyi ke nufa ke fitarwa. Zaren da ya isa ya samu rabonsa, uwarsa ta rayu. Wanda ya ɓata hanya ko ya makara, uwarsa ta mutu. A sassa da yawa na jikin tayi kusan rabin ƙwayoyin jijiya ta haka suke mutuwa. Su biyun sun samu lambar Nobel a 1986, ita kuma ta rasu a 2012 tana da shekara 103.

To yaya zare ke yin tafiya mai nisa bai ɓace ba? Amsar ta fito daga fara, wannan dai da muke soyawa da yaji. A ƙafar tayin fara akwai zaruruwa biyu da ke fara buɗe hanya zuwa cikin jiki. Ba su hango ƙarshen tafiya, wasu ƙwayoyi ne da ke zube a kan hanya suke nufa ɗaya bayan ɗaya. A 1983 David Bentley da Michael Caudy sun kashe ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi, sai zaruruwan suka iso wurin suka rikice. Wato tafiyar zango-zango ce, kamar ta ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma. Madugu ke sanin zango, sauran kuwa sawun na gaba suke bi, haka zaruruwan baya ke mannewa jikin na farko su zama dami. Kuma ana yin wannan aikin ne tun jiki na ƙanƙane, tafiyar gajera ce. Daga baya in yaro na girma, zaren da ya riga ya isa sai dai ya yi ta ƙara tsawo.

Zango mafi muhimmanci shi ne tsakiyar jiki. Kowa ya san ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke sarrafa daman jiki, shi ya sa in jini ya toshe a hagu dama ke shanyewa. Dalili, zaruruwa da yawa na ƙetare tsakiya. Kafin su ƙetare tsakiyar kiransu take yi, da zarar sun ƙetare sai su fara jin wani sinadari mai kora, silit, ta hanyar makaminsa robo, don haka ba su dawowa. A ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro, in robo ya lalace zaruruwan sai su yi ta ƙetarewa suna dawowa suna zagaye, daga nan aka ɗauko sunan, daga kalmar Ingilishi ta shataletale. Abin bai tsaya ga ƙuda ba. A 2010 an nuna cewa wasu mutanen da ake haifa da lalurar da in hannu ɗaya ya motsa ɗayan ya kwaikwaye shi ba da sonsu ba, matsalar na cikin DCC. Ƙananan yara da yawa kan yi irin wannan kaɗan-kaɗan kuma ya bar su in sun girma. Na tuna sau nawa na tsawata wa yaro don hannun hagunsa na motsi yana rubutu, na ji kunya.

Yanzu mu dawo hannun Uwata. Babban mutum ba tayi ba ne, yawancin alamomin farko sun kau. Abin da ya rage shi ne tsohuwar hanya. Tun 1850 Augustus Waller ya nuna cewa ɓangaren zaren da aka raba da uwarsa yana rugujewa. Amma ƙwayoyin da ke naɗe da zaren, ƙwayoyin Schwann, ba su mutuwa. Su da wasu ƙwayoyin jini ke share gawar, sa'an nan su jeru a layi cikin bututun da tsohon zare ya bari, suna fitar da NGF da ire-irensa, suna shimfiɗa abin takawa. Aikin likitan shi ne ya kawo bakin bututun daidai bakin tsiro. In an bar rata, tsiron kan fito bai samu hanya ba ya dunƙule ya zama ƙulli mai zafi. Kuma akwai wa'adi, domin tsokar da ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba jijiya, ko tsiro ya iso daga baya da wuya ta amsa.

Likitan ya koya mini yadda zan bi sawun tsiron. Sabon zare ɗanye ne, in an ƙwanƙwasa fata a kansa mutum na jin tsir kamar lantarki har yatsu. Wani likitan Faransa, Jules Tinel, ya bayyana haka a 1915 daga sojojin da aka raunata a yaƙin duniya na farko, a shekarar kuma wani Bajamushe, Paul Hoffmann, ya ga abu ɗaya a ɗaya ɓangaren yaƙin. Kowace Juma'a sai in fara ƙwanƙwasawa daga kan yatsa ina gangarowa, inda ta ce "nan, Baba" in ɗiga bik, in auna daga tabo, in rubuta a kaye. Ƙarshen Agusta, a kan tabon kawai. Tsakiyar Satumba, santimita 2. Ƙarshen Oktoba, 6. A Nuwamba aka yi Juma'a biyu alamar ba ta gusa ba, na kasa cin tuwon dare. Inna ta dube ni ta ce, "Kai da ka ce sannu yake tafiya, ai sannu ba ta hana zuwa." Ita da ta so a kira maɗori, ita ce ta koma riƙe mini rula, tana ce wa takwararta ta daina motsi. Juma'a ta uku alamar ta ci gaba.

A tsakanin nan Uwata da hagu take rubutu a aji, rubutun kamar na ɗan shekarar farko, wani lokaci ta dawo da kuka. Kullum muna motsa mata yatsun kamar yadda aka nuna mana don kada gaɓoɓin su sandare, an kuma hana ta kusantar wuta da wuƙa. A Disamba babban yatsa ya fara juyowa kaɗan. Na naɗa wa bik tsumma ya yi kauri, ta fara gwada dama tana kallon yatsun, tunda ba ta jin alƙalamin.

Wata rana ta tambaye ni, in jijiya na tsirowa, me ya sa maƙwabcinmu da ya karya baya a hatsarin mota shekara shida ke nan yana kan keke? Na samu amsar a littafin. An daɗe ana ɗauka zaruruwan laka da ƙwaƙwalwa ba su iya tsiro kwata-kwata. A 1981 Samuel David da Albert Aguayo a Kanada suka yanko jijiyar ƙafar ɓera suka dasa ta kamar gada a lakarsa. Zaruruwan laka suka shiga gadar suka yi tafiyar santimita 3 da wani abu, amma da suka fito ɗaya bakin suka koma cikin laka sai suka tsaya. Daga baya Martin Schwab a Suwizalan ya nuna cewa rigar zaruruwan laka na ɗauke da sinadari mai hana tsiro, wanda aka sa wa suna Nogo, wato ba shiga, tabon da ke fitowa a wurin raunin ma yana da nasa shingen. An kuma gano cewa ƙwayoyin kansu ƙarfin tsironsu na raguwa in sun manyanta, saboda haka matsalar biyu ce, kuma har yau babu maganin da ke mai da yankakkiyar laka daidai. Duk da haka gwajin gadar ya tsaya mini a rai. A aji mai yara sama da saba'in na sha cewa wane ba ya ɗauka, ban taɓa gwada sauya masa wurin zama ko hanyar bayani ba. Bana na fara gwadawa, wasu sun motsa, wasu ba su motsa ba.

A makon ƙarshe na Fabrairu ta ji tsinke a kan manuniya. Murna ta cika gida, sai kuma wani abu ya bayyana: in na taɓa manuniya wani lokaci ta ce na tsakiya na taɓa. Likitan ya ce haka ake yi. Kwaɗon Sperry kowane zare ya koma gurbinsa, amma a hannun mutum zaruruwa dubbai ne ke ƙetare ɗinki, kuma da yawa na faɗawa bututun da ba nasu ba. Gyaran wannan aikin ƙwaƙwalwa ne, ita za ta koyi sabon karatu, kuma yara sun fi manya saurin koyonsa. Sai muka zuba gero a ƙwarya muka ɓoye wake, mabuɗi, maɓalli da tsabar dala biyar a ciki. Ta laluba ido rufe ta faɗi abin da ta kama, sa'an nan ta buɗe ta gani. Ƙannenta suka mai da abin wasa, kowane dare sai an yi.

Ga abin da nake roƙon mai karatu ya riƙe. In wani ya yanke sosai a wuyan hannu, gwiwar hannu ko tafi, da kwano ne ko kwalba ko lauje, kada a tsaya ga tsai da jini. A sa shi ya rufe ido a taɓa kowane yatsa, a sa shi ya motsa kowanne, in akwai wanda ya yi shiru a faɗa wa ma'aikacin lafiya a nemi likitan fiɗa cikin kwanaki, domin in an daɗe bakunan jijiyar na ja da baya. Haka in yaro ya fara jan ƙafa bayan allura a ɗuwawu, babbar jijiyar ƙafa ta nan take bi kuma allura na iya taɓa ta, a kai shi asibiti da wuri. Hannun da ba ya ji kuma a tsare shi daga wuta.

Uwata ta zauna BEPC da hannun dama, da bik mai tsumma, ta kuma samu. Rubutunta bai koma kyansa na da ba, in hunturu ya shigo yatsun uku na mata zogi har sai ta sa safar hannu, kuma allura har yanzu sai ta kalla take iya ɗauka. Kayen da na rubuta awon yana nan cikin jakata tare da rular, shafi biyu ne, Juma'a talatin. Maƙwabcinmu mai keke ya ce in karanta masa wannan rubutu in na gama, gobe da yamma zan kai masa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa likitan nan da alheri.